Gayyar Lambu: Mako Biyar a Fadamar Kagara

Jawabin da wani ɗalibi ya gabatar a madadin 'yan'uwansa, a zauren taron ƙungiyar ɗalibai



Sa'ad da aka nemi mu zo mu yi magana a kan ɗalibi da al'ummarsa, sai da muka zauna muka yi shawara tsakaninmu, mu 'yan yankin Goronyo da Wurno da Rabah da ke karatu a nan. Wasu suka ce mu shiga ɗakin karatu mu kwaso maganganun masana a kan raya karkara, mu zo mu zube muku. Wasu kuwa suka ce a'a, wannan kasuwa ta riga ta cika, gara mu faɗi abin da hannunmu ya taɓa, kome ƙanƙantarsa. Shawara ta biyu ta rinjaya. Saboda haka abin da muka zo da shi labarin lambun albasa ne na wani dattijo maƙwabcinmu a Kagara, da mako biyar da muka yi muna ba shi ruwa a cikin ranin shekarar 2022. Ba za mu ambaci sunan dattijon ba, don bai ba mu izini ba. Baba muke ce masa a gida, Baba kuma za mu ce masa a nan.

Ga waɗanda ba su san wurin ba, Kagara ƙauye ne kusa da garin Goronyo, a cikin kwarin Gulbin Rima, gabas da birnin Sakkwato. Kwarin nan tsohon wurin noma ne. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a can ya rasu a 1837, a can kuma kabarinsa yake. Shi ne wanda, a cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin kula da manoma da masu sana'o'in hannu da gyaran kasuwanni da hanyoyi. A zamanin nan kuma gwamnatin tarayya ta tare gulbin ta gina madatsar Goronyo, wadda aka gama a 1984, aka buɗe ta a 1992, mai iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 942. Da ruwan da ake saki daga madatsar nan, da na ƙarƙashin ƙasa da ba shi da nisa a fadama, mutanenmu ke noman rani: albasa, tafarnuwa, shinkafa, alkama, tattasai da tumatir. Kakanninmu da jigo da ƙwarya suka yi ban ruwa. Yanzu kuwa ɗan injin fetur ne da tiyo, ana kafa shi a bakin gulbi ko a kan 'yar rijiyar bututu. Ku riƙe maganar fetur ɗin nan, za mu komo kanta.

Gulbin da ke ciyar da mu shi ne kuma ya taɓa cinye mu. A watan Satumba na 2010 ruwa ya yi ambaliya, ya shafe gonaki, ya rushe gidaje a Kagara da ƙauyuka da yawa na kwarin, har ya zo ya yanke hanyar da ta haɗa mazaunin Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da cikin gari. Mu a lokacin yara ne ƙanana, abin da muka fi tunawa shi ne zaman sansani da warin jiƙaƙƙen gero. Amma manya ba su manta wanda ya taka wa wani ƙasar gini ba a shekarar nan, kuma wannan tunawa tasu ita ce ta zo ta yi aiki bayan shekara goma sha biyu.

Ran 14 ga Fabrairu, 2022, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ƙasa ta shiga yajin aiki. Kowa a zauren nan ya san yadda aka yi: aka ce mako huɗu ne, ya zama wata takwas, ba a janye ba sai ran 14 ga Oktoba. Muka tattara 'yan komatsanmu muka koma gida. Kuma mu faɗi gaskiya, ba da niyyar taimakon kowa muka koma ba. Zama muke yi a gindin dalbejiya muna danna waya, muna gardamar ƙwallon Ingila da siyasar Abuja, in an kira salla mu tashi, in an kawo tuwo mu ci. Mutanen gari suna wuce mu da sassafe za su fadama, su gaishe mu da “sannunku da hutu”, gaisuwar da in ka saurare ta da kyau ba gaisuwa ba ce zalla.

A watan nan ne kuma aka shiga ƙarancin fetur a ƙasa baki ɗaya, bayan an gano gurɓataccen man da aka shigo da shi aka janye shi daga gidajen mai. Mutumin birni ya san ƙarancin mai da dogon layi da tsadar kuɗin mota. Mai lambu kuwa ya san shi da ƙishirwar albasarsa. Wajen neman man nan ne Baba ya hau babur ya tafi wani gari, ya samo jarka guda, yana kan hanyar dawowa da yamma babur ya kwashe shi a cikin yashi, ya faɗi ya karye a cinya. Aka kai shi asibiti aka duba, daga baya dangi suka komo da shi gida wurin mai ɗori, saboda dalilan da duk ɗan talaka ya sani ba sai an faɗa ba. Mai ɗori ya ɗaure, ya ce kada ƙafar nan ta taɓa ƙasa sai bayan wata biyu ko uku.

To, a nan ne ya kamata mu tsaya mu yi bayanin abin da karaya take nufi ga mai albasa a ƙarshen Fabrairu, don wanda bai san lissafin ba zai ɗauka jinya ce kurum. Albasar rani ana yafa irinta ne wajen ƙarshen damina, ta yi mako shida ko bakwai, sa'an nan a cire a dasa a fangali da shigowar sanyi. Daga dashe zuwa cira wata uku ne da 'yan kai. Baba ya yi dashensa a tsakiyar Disamba. Watau ran da ya faɗi, ya riga ya zuba dukan abin da ya mallaka a cikin ƙasar nan: kuɗin iri, kuɗin taki, kuɗin mai, da guminsa na wata huɗu. Albasar kuwa ta shiga lokacin da take yin kai, wanda shi ne lokacin da ba ta haƙuri da ƙishi ko kaɗan, domin saiwarta ba ta nisa cikin ƙasa. Sanyi ya fara janyewa, zafin bazara na matsowa, ƙasa na shanye ruwa cikin kwana uku ko huɗu. In aka tsallake ban ruwa biyu ko uku a jere, kan ya tsaya ƙarami, in kuma aka dawo aka malala masa ruwa bayan ya sha wuya, sai ya tsage. Gero yana jiran mai shi ya warke. Albasa ba ta jira.

Wa zai riƙe lambun? Babban ɗansa yana ci-rani a Ikko, abin da yake aikowa bai kai ya bar sana'arsa ya dawo ba. Sauran 'yan mata ne da yara ƙanana, babbansu namiji shekararsa goma sha ɗaya. 'Yan ƙwadago akwai su, amma da kuɗi, kuɗin kuwa sun tafi wajen magani. Bugu da ƙari, wata huɗu ke nan da harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo ran Lahadi 17 ga Oktoba, 2021, inda aka kashe mutane fiye da arba'in, saboda haka ba kowa ke son ya daɗe a fadama bayan la'asar ba, balle a gonar wani.

Kwana uku da faɗuwarsa sai ga wani ɗan kasuwa ya zo dubiya. Shi ne ya ba Baba taki bashi tun farkon rani, a kan in an cire a biya shi. Ya yi gaisuwa, ya yi addu'a, ya ajiye goro, sa'an nan ya kawo shawara: tun da ba mai kula da lambun, ya saye shi a tsaye yadda yake, ya cire bashinsa, ya ba da abin da ya saura a yi magani. Ba mu zo nan don mu zagi mutumin nan ba. Bai yi ƙarya ba, bai tilasta kowa ba, kuma shi ma dukiyarsa yake tsoro. Amma kuɗin da ya taya kuɗin mai neman agaji ne, ba kuɗin albasa ba. Ta wannan ƙofa ce, 'yan'uwa, manomi ke fita daga gonarsa a ƙasar nan. Ba kullum ne ake ƙwace ta da ƙarfi ba. Ciwo guda ne, ko biki guda, ko fari guda, a sayar da amfani a tsaye, baɗi a jinginar da gonar, baɗin waccan a ga mutum yana ƙwadago a inda ubansa ya binne cibiyarsa.

Mahaifiyar ɗaya daga cikinmu ce ta ji zancen a wurin Inna, matar Baba, ta zo ta same mu a gindin dalbejiya. Ba ta yi mana wa'azi ba. Cewa ta yi kurum, ashe ƙattai goma sha biyu na zaune a unguwa za a sayar da lambun maƙwabci a tsaye. Ta juya ta shige gida. Maganar ta fi bulala.

Muka tashi muka tafi wurin Baba da ƙarfin gwiwarmu, muka ce mun zo mu taimaka masa saboda Allah. Abin mamaki, sai ya ƙi. Ya juya fuska ga bango ya ce, “Ku tai abinku, ɗiyana. Ni ba almajiri ba na.” Muka fito jiki a sanyaye, har waɗansunmu na cewa dattijon nan girman kai gare shi. Sai da liman ya ji, ya yi dariya, ya ce mu ne ba mu iya magana ba. Ya ɗauke mu muka koma tare, ya zauna a bakin gadon ya ce masa, “Wa yac ce maka sadaka ta? Gayya ta. Shekarar da ruwa yac ci garin ga, wa yat taka ƙasar ginin gidana? Wa yaɗ ɗora ma uban yaron ga azara? To, bashi na anka zo biya, kai kau ba ka da ikon hana mutum biyan bashi.” Baba ya yi shiru, can ya ce to, amma da sharaɗi: fura daga gidansa za ta fito, kamar yadda ake yi a kowace gayya. Muka so mu ce a bar furar, gidan na cikin hali. Liman ya harare mu muka yi tsit.

Wannan shi ne darasi na farko, kuma ba a aji muka same shi ba. Gayya da sadaka ba abu guda ba ne. Mai karɓar sadaka hannunsa na ƙasa. Mai gayya kuwa mai gida ne, shi ya kira, shi ke ciyarwa, shi ke cewa a yi nan a bar can, kuma kowa ya san ran da aka kira shi zai je. Furar nan ta Inna, wadda muka san da ƙyar aka haɗa geronta, ita ce ta bar wa Baba rawaninsa a kansa.

Ba ma so kuma a ɗauka mun zo yi wa gayya kirari ne, mu ce da can kome lafiya lau. Gayya iri-iri ce. Akwai ta maƙwabta, wadda ake ramawa. Akwai ta surukai, inda saurayi ke kwasar abokansa su je su nome gonar uban yarinya, da makaɗa da 'yan mata masu guɗa. Akwai kuma wadda sunanta kawai gayya, watau noman gandun masu sarauta, wanda a wurare da dama a zamanin En'e ya rikiɗe ya zama aikin tilas, har ya shiga cikin abubuwan da jam'iyyar NEPU ta su Malam Aminu Kano ta yi yaƙi da su tun daga 1950. Kuma lalacewar gayyar maƙwabta ba yau ta fara ba. Baturiyar nan Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa ta ƙasar Katsina ta fitar da littafinta a kan Hausawan karkara a 1972, tun a lokacin ta tarar ƙwadago na kuɗi ya kafu sosai a aikin gona. Gwamnatoci ma sun sha gwada aron rigar gayya. A Nijar, Janar Seyni Kountché ya farfaɗo da samariya bayan ya karɓi mulki a 1974, ya sa matasa aikin gari. A Tanzaniya, Julius Nyerere ya fara ƙauyukan ujamaa da lallashi, amma daga 1973 abin ya koma kwasar mutane ala tilas. A nan gida kuwa, a 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, aka tura ɗaliban manyan makarantu ƙauyuka a lokacin dogon hutu, ana biyansu alawus, wai su taya manoma su kuma wayar musu da kai. Tsofaffinmu har yau in sun tuna sai su yi murmushi, su ce an aiko musu yaran da ba su san bambancin gero da dawa ba kafin su fid da kai. A ganinmu, duk gayyar da aka kira daga ofis, ba daga bakin mai gona ba, ta riga ta rasa abin da ya sa take gayya.

Mu koma fadama. Ranar farko abin sha'awa ne. Aka yi sanarwa a masallaci bayan sallar isha'i, gari na wayewa mutum fiye da talatin suka hallara, tsofaffi da samari, kowa da kalmensa, watau abin da mutanen gabas ke ce wa fartanya. Kafin azahar an cire ciyawar lambun kakaf, an gyara hanyoyin ruwa, an ta da bakin kowane fangali, an tayar da inji an shayar da shi tun daga kai har gindi. Aka sha fura, aka yi addu'a, aka watse, kowa na jin ya sauke nauyi. Mu 'yan boko hannuwanmu duk sun yi kanta sun fashe, amma muna ta murna, har da ɗaukar hoto.

Bayan kwana huɗu, da lokacin ban ruwa na biyu ya zo, mutum biyar suka fito. A na uku, uku.

Nan ne muka gane abin da ba mu taɓa ji an faɗa ba a duk yabon gayya da ake yi. Gayya an gina ta ne a kan aikin damina da aikin gini: babban aiki na yini guda, wanda hannu da yawa ke gamawa a tashi, kamar noman fari, ko girbi, ko yaɓen ɗaki. Lambu kuwa ba taron dangi yake so ba, naci yake so. Mutum biyu sun ishe shi, amma mutum biyun nan dole su zo yau, su zo bayan kwana uku, su sake zuwa, har mako biyar, ba kiɗa, ba guɗa, ba mai ganinsu. Kuma ba za mu ga laifin mutanen gari ba, kowannensu yana da nasa lambun da ke jin irin ƙishin nan a rana guda. Waɗanda ba su da abin yi mu ne.

Abu guda da ilmin boko ya amfana mana a duk al'amarin nan shi ne takarda da biro. Muka yage tsakiyar littafin rubutu muka ja layi, muka raba kanmu uku-uku, kowane rukuni da ranarsa, muka manna a zauren liman. Wanda ya kasa zuwa dole ya nemo madadinsa da kansa. Muka buɗe wani shafi na kuɗin mai: mai naira ɗari, mai ɗari biyar, mai kawo kwalba guda daga nasa injin, duk a rubuta, ranar Juma'a a karanta a gaban jama'a. Karantawar nan ta yi amfani ƙwarai, don kuɗin jama'a in ba a bayyana shi, ko mala'ika ne ya riƙe sai an yi zargi. Ran da mai ya yanke gaba ɗaya, sau biyu hakan ta faru, da bokiti da garwa muka ɗebo ruwa muka shayar da abin da ya sawwaƙa, muka san abin da kakanninmu suka sha a gindin jigo.

Sauran ilmin duka daga gadon Baba ya fito. Kowace yamma waɗanda suka yi aiki sai su je su ba shi labari, a ciro masa albasa guda ya gani. Yakan juya ta a hannu, ya matsa wuyanta, ya shinshina, ya faɗi fangalin da aka ciro ta ba tare da an gaya masa ba. Shi ya koya mana a yi ban ruwa da sanyin safiya, a buɗe bakin fangali a bar ruwa ya shiga a hankali, in ya kai ƙarshe a toshe a wuce na gaba, kada a bar shi ya kwanta. Shi ya gane, daga fari-farin da ya gani a jikin lawashi, cewa ƙananan ƙwarin nan masu tsotsa sun shiga, ya faɗi yadda za a yi feshi da lokacin da za a daina. Akwai ɗan'uwanmu mai karatun aikin gona a cikinmu, ya ce duk abin da Baba ke faɗa yana cikin littafinsu, sai dai shi a littafi ya san shi, bai taɓa ganinsa a ganye ba. Ƙaramin yaron gidan nan mai shekara goma sha ɗaya shi ne ya zama shugabanmu a fadama, don shi kaɗai ya san halin injin in ya ƙi tashi.

Yanzu sai mu faɗi ɓarnar da muka yi, don in muka ɓoye ta jawabin nan ya zama talla. Wajen ƙarshen Maris lawashi ya fara kwantawa, alamar albasa ta ƙosa. Baba ya ce a yanke ruwa, a bar ta ta bushe a ƙasa kamar kwana goma kafin a cire, don wuyanta ya rufe, ɓawonta ya yi ƙarfi. Waɗanda suka ji wannan umurni ba su rubuta shi a takardar zaure ba, kowa ya ɗauka wani ya gaya wa wani. Rukunin da ke da rana ta gaba suka iso, suka ga ganye ya kwanta ya yi yaushi, tausayi ya kama su, suka ce lalle an yi sakaci. Suka tayar da inji, sai da suka shayar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na lambun kafin yaron gidan ya sheƙo da gudu yana ihu. Da aka gaya wa Baba bai yi faɗa ba. Ya daɗe bai ce kome ba, sa'an nan ya ce a ware ta wajen nan daban in an cire, a kai ta kasuwa nan da nan, don ba ta ajiyuwa. Haka aka yi. Aka sayar da ita a tsakiyar kaka, lokacin da kasuwa ta cika da albasa farashi ya faɗi warwas, abin da aka ɗan jinkirta da shi kuwa ya ruɓe. Hasarar nan mu muka jawo ta, da kyakkyawar niyya, kuma ba mu ne muka biya ta ba.

Ranar cira aka sake kiran babbar gayya, kwana biyu kafin a ɗauki azumi, wanda ya kama ran 2 ga Afrilu a shekarar nan. Wannan karon jama'a sun fito kamar ranar farko, don irin aikin da gayya ta iya ke nan. Aka cire, aka yanke lawashi, aka baza a inuwa ta sha iska. Mata suka kwashe lawashin suka daka suka yi gabu, wanda Inna ta riƙa sayarwa kaɗan-kaɗan har cikin damina. Aka biya ɗan kasuwa bashinsa cif, ya karɓa ya yi godiya, ya ce dama shi haka ya fi so. Muka ce Allah ya sa. Abin da ya rage aka gyara rudu aka jera shi a ciki, watau rumfar nan ta kara da ciyawa da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta riƙa ratsawa. A nan ribar mai albasa take, ga wanda ya iya jira har ta yi wuya a kasuwa. Baba ya jira wata uku, ya sayar, ya biya mai ɗori, ya sayi geron damina. Ya tashi da ɗingishi da sanda, har yau kuma da su yake tafiya, amma lambunsa na hannunsa. Da damina ta faɗi aka kira gayyar noma a gonar mahaifin ɗaya daga cikinmu, sai ga shi an ɗauko shi a kan jaki. Aka ce Baba me ya fito da kai, ya ce bashi ya zo ragewa. Ya zauna a gindin gawo yini guda yana gyara ƙotar duk kalmen da ya kwance.

Akwai wani abu da ya daɗe yana damunmu, kuma shugaba ya yi mana haƙuri mu faɗe shi ko da lokaci ya ƙure. A ranin nan guda, can ƙasa da lambun Baba kaɗan, akwai ɗan lambun tattasai na wata gwauruwa da mijinta ya rasu, wadda ba 'yar asalin garin ba ce. Ɗan da ke yi mata aiki ya kwanta da zazzaɓi mako biyu, tattasan ya bushe. Kullum muna wuce shi da bokitanmu. Ba wanda ya kira mata gayya, domin ba ta bin kowa bashin taka ƙasa, ba ta da liman da zai tuna wa mutane alherin mijinta, kuma mace ba ta tashi a masallaci ta yi sanarwa. Mu ma ba mu tambaya ba sai da aikin gama ya gama. Gayya tana bin sawun wanda aka sani ne. Wanda ba shi da kowa, tana iya wuce shi da rana tsaka. A watan Mayu na shekarar nan ta 2022 aka sa hannu a kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowane ɗan Nijeriya, amma a iyakar abin da muka gani a unguwarmu, ba Baba ba gwauruwar nan, ba wanda takardar ta iso ƙofarsa a lokacin da yake bukata. Neman wannan haƙƙi aikin ƙungiya irin tamu ne, kuma bokiti ba ya maye gurbinsa.

Abin da muke roƙon ƙungiya ba babba ba ne. Ba mu nemi a kafa kwamiti ba, ba mu nemi mota ko riguna masu tambari ba, kuma don Allah kada a kira 'yan jarida. Muna so ne ɗaliban kowane yanki su san junansu kafin a tafi hutu, in sun isa gida su je wurin liman ko mai unguwa, su kuma aika a tambayi mata a cikin gidaje, wa ke kwance, gonar wa ke jiran hannu. In an samu, a bar mai gona ya kira da bakinsa, a sha furarsa, a bi umurninsa, a rubuta kome a takarda har da ranar da za a yanke ruwa. Mun ajiye littafi a bakin ƙofa wurin sakatare, mai so ya rubuta sunansa da garinsu da watan da yake gida.

Da muka gaya wa Baba za mu yi wannan jawabi, ya ce a gaishe ku, kuma duk wanda zai zo Kagara ya zo da shigowar sanyi, lokacin dashe, don a nan ne aka fi bukatar masu lafiyar baya. Ya ce kuma kada kowa ya zo da fararen tufafi.